Ƙoda da Hawan Jini

Yau za mu yi magana a kan ƙoda. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta a kasuwar Sakkwato ya ga ƙodar rago. To, tamu ma haka take. Guda biyu ne, suna can baya wajen kwiɓi, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Aikinsu tace jini. A kwana guda suna tace ruwa kamar lita 180, su mayar da mai kyau cikin jiki, su fitar da dauɗa cikin fitsari.

Ƙoda tana da wani aiki kuma wanda ba kowa ya sani ba. Tana aika saƙo. Tacewa ba ta yiwuwa sai jini ya iso mata da ƙarfi. In ta ji ƙarfin ya ragu, sai ta saki wani sinadari, sunansa renin. Shi ne ɗan aikenta. Renin ya shiga jini ya tada wani, ana ce da shi anjiyotensin. Wannan kuwa ya matse jijiyoyi, ya kuma sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Hanya ta ƙuntata, ruwa ya ƙaru, sai jini ya hau.

Ga mai lafiya wannan rahama ce. Manomin da ya yini yana zufa cikin zafin bazara, ko yaron da gudawa ta kama, da wannan saƙo ne jininsu ke ci gaba da zagayawa.

Amma in ƙoda ta kamu da ciwo mai daɗewa, abin ya juye. Ku tuna masu lambun albasa a fadamar Kwalkwalawa. Hanyar ruwan wani ta toshe, ruwa bai kai ga shukarsa ba. Sai ya yi ta kiran mai inji, a ƙara, a ƙara! Alhali ruwa bai ƙare a gulbi ba, hanya ce ta toshe. Aka ƙara, ruwa ya ɓalle kunya, ya ci shuka. Haka ƙoda mai ciwo take yi. Tana ta aika renin, ga shi kuma ta kasa fitar da gishiri. Jini ya hau, ya ƙara ɓata ƙananan jijiyoyinta, ita kuma ta ƙara kira. Ciwo biyu ke nan, kowane yana ciyar da ɗan'uwansa.

Masana sun daɗe suna bin sawun abin nan. A 1898 wani likita, Robert Tigerstedt, ya gano renin cikin ƙodar zomo a ƙasar Suwidin. A 1934 Harry Goldblatt a Amurka ya matse jijiyar ƙodar kare, sai jinin karen ya hau. Daga baya, ku ji ikon Allah, daga dafin wani maciji na ƙasar Barazil aka samo dabarar yin ƙwayar da ke tare saƙon nan a hanya. Sunanta kaftofiril, an fara ba da ita a 1981. Tana da 'yan'uwa, kamar lisinofiril da losatan. Likita ne ke rubuta su, yana kuma auna jinin mai sha lokaci lokaci. Mai ciki ba ta shan su.

Mugun halin ciwon nan shi ne shiru. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, bai san kome ba. Kafin ƙafa ta kumbura, ko fuska da safe, ɓarna ta yi nisa. In ƙoda ta tsaya, sai wankin ƙoda da na'ura, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kamar awa 4. Ko kuwa dashe, wanda aka fara a Kano a 2002. Kuɗin yana iya cinye gona da shanu.

Saboda haka mu rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen miya da kanwa duk cikin lissafi suke. Masu girki, wannan a hannunku yake. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a tire, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, suna wahal da ƙoda. Wanda aka ɗora wa maganin hawan jini kuwa, kada ya bari don ya ji sauƙi. Ran da ya bari, ɗan aike ya koma bakin aikinsa.

Mu je a auna mu ko muna jin lafiya, balle mai ciwon suga. A auna jini, a duba fitsari. Za a rubuta lamba biyu a takarda, ɗaya bisa ɗaya ƙasa. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta da kanku. In ta bisa ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, ku koma a sake awo, ku tafi da takardar wurin likita.