TAKUNKUMI A KAN MAƘWABCI: WA YA CI RIBA, WA YA YI ASARA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau a kan takunkumin ciniki ce, da dalilin da ya sa janye shi ya fi alheri ga wanda ya sa shi da wanda aka sa wa. Za mu ɗauki misali da abin da ya faru tsakanin Nijeriya da Nijar, domin ganau muke a cikinsa, ba jiyau ba.

A ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani suka hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazoum. Bayan kwana huɗu, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja, suka yanke a rufe iyakoki, a dakatar da ciniki da mu'amalar kuɗi, a kuma riƙe kadarorin gwamnatin Nijar da ke bankunan yankin. Nijeriya ta ƙara da yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga gare ta yake zuwa.

To, wa aka hukunta? Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Illela da Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Kamba da Gaya, kowane gari yana ci ne daga kasuwar ɗan'uwansa. Nijar na kawo mana shanu da tumaki da raƙuma da wake. Mu kuma muna kai mata gero da masara da kayan masarufi. Ciniki kuwa ba ya ƙulluwa sai da mutum biyu. Idan aka hana Banijare saye, an hana ɗan kasuwar Dawanau sayarwa. Idan aka hana makiyayi ƙetarowa, dillalin Maigatari ya wuni hannu rabbana, mahaucin Legas ya sayi sa da tsada, mai cefane ya biya bambancin. Haka direba da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha. Ita ma hukumar kwastan ta rasa harajinta, domin kaya ba su daina motsi ɗungurungum ba, sai dai suka koma ɓarauniyar hanya, inda ɗan fasa-ƙwauri da maciyin rashawa suke yanka farashi. Wato halattaccen ciniki aka kashe, aka raya haramtacce.

A can Nijar, manyan motoci suka yi dogon layi a Malanbil, bakin iyakar Binin, ɗauke da abinci da magunguna daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Shinkafa ta yi tsada, birane suka shiga duhu. Masu mulki ba su rasa abincin dare ba. Talaka ne ya rasa. Kuma wannan ba sabon darasi ba ne. Lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki daga 1984 ana tsakiyar fari, wahalar ta kai har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari.

Sannan mu tambaya: an cimma manufa? Ba a mayar da Bazoum kan kujerarsa ba. Maimakon haka, a Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka shelanta ficewa daga ECOWAS, ficewar kuma ta tabbata a Janairun 2025. A ranar 24 ga Fabrairu, 2024, ƙungiyar ta janye takunkumin, bayan kiraye-kirayen malamai da sarakuna da dattawa irin su Janar Yakubu Gowon, kuma a watan Maris Nijeriya ta ba da umarnin buɗe iyakarta. Amma abokin ciniki idan ya koyi wata hanya, da wuya ya dawo da sauri. Yarda ita ce jarin fatauci, kuma rushe ta ya fi gina ta sauƙi.

Ya 'yan'uwa, tarihin Musulunci bai bar mu cikin duhu ba. Kuraishawa sun ƙaurace wa Banu Hashim a Shi'ibi Abi Ɗalib kimanin shekaru uku, babu saye babu sayarwa, har mutane suka ci ganyen itatuwa. Da'awa ba ta tsaya ba, kuma wasu daga cikin Kuraishawan, irin su Hishamu bin Amru da Muɗ'imu bin Adiyyi, su ne suka tashi suka warware yarjejeniyar. Daga baya, da Sumamatu bin Usal (R.A.), shugaban mutanen Yamama, ya musulunta, sai ya hana alkama isa Makka. Da yunwa ta tsananta, Kuraishawa suka roƙi Manzon Allah (S.A.W.) don zumunta, shi kuwa ya aika wa Sumamatu ya sake musu abinci. Ku duba: mutanen da suka yi masa takunkumi jiya, kuma suna yaƙarsa a lokacin, bai yarda a kashe su da yunwa ba. To, ina ga maƙwabci Musulmi, wanda muke auratayya da shi, muke salla a sahu ɗaya?

Ba muna halatta juyin mulki ba ne. Abin da muke cewa shi ne, laifin shugabanni ba a ɗora shi a kan cikin talakawa. Muna kira ga hukumomin ƙasashen biyu da kada su sake mayar da abinci da magani da wuta makamin siyasa, su rage shingayen karɓar na-goro a kan hanya, su kuma ba aikin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi muhimmancin da ya dace da shi. 'Yan kasuwa kuma su ji tsoron Allah, su bar ɓoye abinci da ƙara farashi a lokacin ƙunci.

Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya yalwata arzikin ƙasashenmu, Ya haɗa kawunan Musulmi a kan Alƙur'ani da Sunna. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.