Marar Lafiya Ba Ya Ajiye Addininsa da Al'adarsa a Ƙofar Asibiti

Shugabar ƙungiya, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da iyalan da suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana. Mu 'yan uwanku ne da ke aikin jinya da unguwarzoma, an ba mu 'yan mintoci mu ce wani abu a kan aikinmu.

Duk wanda aka kwantar a gadon asibiti, da ciwonsa ya zo, amma kuma da kunyarsa, da harshensa, da addininsa. A ɗaki guda sai ka tarar da Bahaushiya, ga Bafulatana daga ruga, ga Babarbariya, ga Bayarabiya 'yar Sabon Gari, ga Kirista daga Kudancin Kaduna. Allurar ɗaya ce, amma yadda za a tunkari kowacce daban ne. Macen da aka yaye wa zane a gaban mutane, ko aka yi wa tsawa don ba ta jin Turanci, ba za ta dawo awo ba. A gida za ta haihu, kuma in jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama ta, sai dai a kawo mana ita a makare. Shi ya sa muke cewa mutunta majinyaci yana cikin magani.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. A zamaninmu kuwa, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Madeleine Leininger, ta mayar da wannan batu ilimin da ake koyarwa a makarantun jinya. Ta ce al'adar da majinyaci ya zo da ita, ɗayan uku ake yi da ita: a bar ta, ko a daidaita ta da magani, ko a sauya ta cikin hikima.

Na farko, abin da ake bari. Mace ta ce a ja labule kafin a duba ta, ko ta nemi mace 'yar uwarta ta duba ta in akwai, haƙƙinta ne. Wanda ba zai iya taɓa ruwa ba, a miƙo masa abin taimama, a nuna masa alƙibla. Mai son a kira masa fasto ko fada, a kira. In ajali ya matso, a bar dangin Musulmi su laƙƙana masa kalmar shahada, a bar dangin Kirista su yi addu'arsu a bakin gado. Iyalin da suka ce a ba su mabiyiya su binne a gida, a naɗe musu ita cikin tsafta. Duk waɗannan ba sa rage wa magani komai.

Na biyu, abin da ake daidaitawa. Mai ciwon suga da ke son yin azumi, ba faɗa za a yi da ita ba. Ta zo tun kafin watan ya kama, likita ya duba ko za a iya mayar da maganinta lokacin sahur da buɗa-baki. In ba zai yiwu ba, a tuna mata cewa addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. Wanda za a yi wa tiyata ana hana shi ci da sha na wasu awowi, to rubutun da aka kawo masa sai a shafa masa a jiki, ya sha daga baya in likita ya ba da dama. Shaidun Jehobah ba sa karɓar ƙarin jini, don haka tun ranar awon farko ya kamata a sani, a gina jinin mai cikin da magani kafin naƙuda.

Na uku shi ne mai wuya, abin da sai an sauya. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Kanwa tana tara ruwa a jiki kamar yadda gishiri ke yi. Amma in ka ce wa kaka al'adarta jahilci ce, ka rasa ta, ka rasa mai jegon. Gara a zauna da ita, a ce: "Inna, a yi wankan, amma a sirka ruwan. A dama kunun, amma a rage kanwa, in tana da hawan jini a bar ta gaba ɗaya." Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Akwai kuma shiru. A wurinmu 'yar fari takan danne kuka a naƙuda saboda kunya, Bafulatana ma haka. Ma'aikaciyar da ta san wannan ba za ta ɗauka babu ciwo ba, za ta matso ta tambaya a hankali, ba a gaban suruka ba.

To iyayenmu, ku ma da naku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an ba marar lafiya jiƙo ko sassaƙe a gida, ku faɗa mana, domin wani yana karo da maganin asibiti, wani yana taɓa ƙoda. Ku kuma san haƙƙinku. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata, a ciki akwai haƙƙin a yi maka bayani da harshen da kake fahimta, a rufa maka asiri, a kuma girmama ka ko mene ne addininka ko ƙabilarka. Wadda ba ta gane bayani ba, ta ce a sake, ko a nemo mai yi mata tafinta. Babu rashin kunya a ciki.

Roƙonmu na ƙarshe a kan 'ya'yanmu mata ne. Muna son mace ta karɓi haihuwarmu, amma a ƙauyuka da yawa babu ita, don ba a tura ta makaranta ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Muna roƙon shugabanni su duba yiwuwar ware wani abu daga ribar ƙungiya, ko rance marar ruwa, ga duk 'yar mambar da ta sami gurbi a makarantar jinya ko ta unguwarzoma. Iyayenmu maza da ke nan, ku ba su izini, ku sa musu albarka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya maimaita mana wannan rana.