ƊANKA YA ZAMA INJINIYAN KURAN: MI KE GABANSHI?



Hirarmu ta yau wani dattijo ne na ajinmu ya jawo ta. Ya ce mini: "Malam, ɗana ya ci bak, ya ƙara shekara 5 yana karatu, ya fito injiniya. Wani kamfanin wuta ya ɗauke shi. Ni ina jiran in gan shi cikin biro, sai ga shi an tura shi wani ƙaramin gari yana gadin inji, tufafinshi duk baƙin mai. Ko wani laifi ya yi?" Na ce mishi: "Baba, bai yi laifi ba, nan ne hanyar take farawa."

Bari mu fara da inda kuranmu yake fitowa. An kafa NIGELEC a 1968. Tun 1976 waya mai kilobolt 132 take kawo wutar Najeriya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Wata wayar ta taso daga Katsina ta biyo Gazawa, ita ke ba Maraɗi da Damagaram. A arewa, SONICHAR tana ƙona gawayin ƙasa a Anu Araren tun 1981. Garuruwan da babbar waya ba ta kai ba, injin gazuwal ne ke ba su wuta. To, wanda za a ɗora ma wannan kaya a ka, tilas ya fara saninshi da hannu.

Shi ya sa sabon injiniya yake farawa da lokacin gwaji. Yana bin tsofaffin ma'aikata, waɗansu ko sartifika ba su da, amma daga ƙarar inji suna gane ciwonshi. Yana koyon karatun agogunan santaral, yana rubuta abin da ya gani cikin rajista, awa bayan awa. Ku ƴan ajinmu, ku lura: can ma rubutu ne ke riƙe da aiki.

Babban abin da yake koyo shi ne tsare ran mutane. Kafin ma'aikaci ya hau poto, sai an yanke wutar layin, an sa kwaɗo a wurin da aka yanke, an auna an tabbata babu kuran, sannan an haɗa wayar da ƙasa. Ana rubuta takarda, wani ya sa hannu. Ranar da aka yarda ɗanka ya sa wannan hannu, a ganina ya samu girman da ya fi kujerar biro, don kuskure ɗaya yana iya barin yara marayu.

Daga nan hawa yake yi sannu sannu. A ba shi ƴan ma'aikata kaɗan, bayan wasu shekaru a ba shi santaral ko layukan gari guda, in ya riƙe amana ya kai ga shugabancin jiha. Wani kuma ba ya son mulkin mutane, sai ya zurfafa cikin fanni ɗaya, kamar kariyar layi ko taransifo, har ya zama shi ake nema in abu ya gagara. Albashi yana bin matsayi da daɗewa. Saboda haka dangi, kada ku yi mishi caa tun watan farko da kuɗin biki da na suna.

Karatu kuma bai ƙare ba. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke muna wuta, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Duk mun ɗanɗana. A shekarar 2023 ɗin ne santaral ta hasken rana mai megawat 30 ta fara aiki a Goru Banda, bayan ta Malbaza mai megawat 7 ta 2018. Injiniyan da ya san gazuwal kaɗai, tilas ya koma ya koyi aikin rana. Wannan fanni ba baƙo ba ne gare mu: marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, a kan ƙarfin rana ya yi bincikenshi. Makarantar EMIG ta Yamai tana horar da injiniyoyi, kuma ƴan mata ma suna shiga, kada a cire su daga lakkol tun suna ƙanana.

Malaman azuzuwa, gobe ku sa ɗalibai su kawo takardar kuɗin kuran, ku karanta lambobinta tare. Mako mai zuwa za mu yi magana a kan haɗarin jan waya daga gidan maƙwabci. Mu kwana lafiya.