Yadda Za Ka Haɗa wa Mahaifinka Kwamfuta Mai Sauƙin Kuɗi

Yau zancenmu a kan kwamfuta yake, na'urar nan da ƴan lakkwal ke ce wa ordinater. Ba ta rataya a kafaɗa muke nufi ba. Muna nufin ta tebur, wadda ake ajiyewa wuri ɗaya cikin ɗaki. Za mu ga yadda za ka haɗa wa Baba ko Inna irinta, ba tare da ka zubar da kuɗin da ka sha wuya ka tara ba. Ka ɗauko alƙalami da takarda, don akwai ƴan sunaye da lambobi da za ka rubuta.

Kafin ka je kasuwa, ka zauna da tsohon ka tambaye shi: "Baba, wane aiki kake so ta yi maka?" In abin da yake so shi ne jin muryar ɗansa da ke ci-rani a Abijan ko Agadas, to salula ta ishe shi, ka bar kuɗinka ka sayi hatsi. Amma akwai tsohon da ke riƙe da lissafin ƙungiyar manoma. Akwai tsohuwar da ke riƙe da kuɗin adashi na mata 30. Akwai wanda idonsa ya yi rauni, rubutun salula ya yi masa ƙanana. Akwai mai son rubuta wasiƙa, ko ganin fuskar jikokinsa da girma. Waɗannan su ne kwamfuta za ta yi wa amfani. Kuma duk wannan aiki mara nauyi ne. Ka riƙe wannan magana da kyau, don mai shago zai nuna maka babbar na'ura mai fitilu ja da kore. Wannan ta samari masu wasanni ce. Baba ba ya bukatarta.

In ka buɗe akwatin kwamfuta, za ka ga wani faffaɗan allo da aka jera wa ƙananan abubuwa. Sunansa uwar allo. Komi a jikinta ake dasa shi. A tsakiyarta akwai ƙwaƙwalwa, ƴar ƙarama mai kusurwa huɗu, faɗinta bai wuce akwatin ashana ba. Ita ke yin lissafi duka. Kamfani 2 ne suka fi yin ta: Intel da AMD. Wajen Intel, wadda ake kira Core i3 ta isa. Wajen AMD, Ryzen 3 ta isa.

Ga wani wuri da mutane ke yin hasara. Wata ƙwaƙwalwar tana iya fitar da hoto da kanta, wata ba ta iyawa sai an saya mata wani allo dabam mai tsada. Yaya za ka gane? Ka dubi harafin da ke ƙarshen lambarta. In ta Intel ce, kuma lambar ta ƙare da F, ka bar ta, ba ta fitar da hoto. In ta AMD ce, ka nemi wadda ta ƙare da G, kamar 3200G ko 5600G. Ka rubuta: F, a'a. G, i. Harafi guda ne, amma zai tsare maka jikkuna masu yawa. Sa'an nan ka sani ba kowace ƙwaƙwalwa ke zama a kan kowace uwar allo ba, kamar yadda ba kowace ƙota ke shiga kowace fartanya ba. Ka saye su tare a wuri ɗaya, mai shago ya gwada su a gabanka.

Kusa da ƙwaƙwalwa akwai wani siririn abu mai kama da mataji. Ana ce masa RAM. Shi kamar tabarmar ɗan kasuwa ne: in tana da faɗi, sai ya baza kayansa duka yana gani, in ƙarama ce, sai ya yi ta ɗauke wannan don ya ajiye wancan. Ana auna shi da jiga. Jiga 4 ta yi kaɗan a yau. Ka sayi jiga 8. Akwai iri-iri, DDR4 da DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Ka tambayi irin da uwar allonka ke karɓa.

Sai rumbu, inda ake ajiye wasiƙu da hotuna da lissafi, su zauna ko an kashe wuta. Rumbu iri 2 ne. Tsohon yayi yana da faifai a ciki mai juyawa. Yana da nawa, kuma in ya bugu yana aiki sai ya lalace. Sabon yayi sunansa SSD. Babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma ya fi na da sauri nesa ba kusa ba. A ganina, in kuɗinka wuri ɗaya kaɗai za su iya gyarawa, to nan za ka sa su. Tsohuwar kwamfuta da aka sa wa SSD tana tashi cikin ƴan daƙiƙu. Sabuwa mai tsohon rumbu kuwa, sai tsoho ya gaji da jira ya koma ga rediyonsa. SSD mai jiga 256 ya isa.

Abin da ya rage a ciki shi ne tukunyar wuta, mai karɓar kuran daga bango tana raba wa sauran. Kada ka sayi mafi araha. In ta ƙone, takan tafi da uwar allo da rumbu gaba ɗaya. Kuma kada ka kuskura ka kwance ta don ka ga cikinta. Tana riƙe wuta ko bayan an zare waya, tana iya kashe mutum.

To, yanzu ga shawara wadda na fi so ka ji. Ba dole ba ne ka sayi komi sabo. Manyan ofisoshin Turai da Amurka suna canza na'urorinsu bayan ƴan shekaru, ƴan kasuwa su kwaso su kawo Yamai da Maraɗi da Damagaram. Za ka ga sunaye kamar Dell OptiPlex, Lenovo ThinkCentre da HP. An ƙera su don su yini suna aiki, ba su cin wuta da yawa, ba su da ƙara. Ka sayi irin wannan, ka sa mata sabon SSD, ka cika RAM ya kai jiga 8. Sau da yawa wannan hanya ta fi sayen sassa ɗaya-ɗaya sauƙi, kuma aikin da za ka yi da hannunka kaɗan ne.

Amma ka san shekarunta kafin ka biya. Ana gane su daga lambar ƙwaƙwalwa. In ka ga i3-8100, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce 8, wato zubi na 8 ke nan. In ka ga i5-4590, zubi na 4 ne, na shekarar 2014. In ka ga i3-10100, zubi na 10 ne. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda tsarin da ke tafiyar da na'urar. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ga jama'a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wanda ya gaje shi, Windows 11, yana son zubi na 8 ko wanda ya fi shi sabunta. In na'urar da kuɗinka suka kai ta girmi haka, ba a yar da ita ba. Akwai wani tsari na kyauta mai suna Linux Mint, yana tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori. Sai dai ka tabbata akwai wanda ya iya shi a garinku, don ranar da abu ya rikice. Na rubuta wasiƙa da yin lissafi kuma akwai LibreOffice, shi ma kyauta ne.

Ka juya bayan akwatin ka duba da kyau. Wasu tsofaffin na'urori suna da ɗan maɓalli ja a jikin tukunyar wuta, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Kuran ɗin Amurka bai kai namu ƙarfi ba. Namu na Nijar 220 ne. In maɓallin yana kan 115 ka sa a bango, sai ka ji fas, hayaƙi ya tashi. Ka tura shi ya nuna 230 tun a shago. Ka ce a kunna maka na'urar, ta yi ko rabin awa tana aiki kana zaune. Ka karɓi takardar saye, a rubuta kwana nawa za ka iya maido ta in ta ƙi. Yanzu da ka iya karatu, ka karanta takardar da kanka kafin ka tashi.

Ranar haɗawa, ka share tebur, ka rufe taga, ka zare waya daga bango. Ka san tartsatsin nan da ke tashi daga riga lokacin hunturu, har ka ji ya ɗan cije ka? Kai ba ya yi maka komi, amma yana kashe ƙwaƙwalwa da RAM. Saboda haka ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kowane sashe, kuma ka riƙe su ta gefe. Ƙwaƙwalwa tana da ƴar alama a kusurwa ɗaya, mazauninta ma yana da irinta. Ka daidaita su, ka ajiye ta a hankali, ta zauna da kanta. Kada ka danna. Akwai ƴan siraran allurai da ke lanƙwashewa, kuma gyaransu wuya gare shi. Ka ɗiga mata man sanyaya kamar ƙwayar wake guda, in ba a riga an shafa shi a gindin fankar ba, sa'an nan ka ɗora fanka ka sa wayarta. RAM yana da ɗan tsagi, ta fuska ɗaya yake shiga. Shi kam sai ka danna har ka ji ƙas. In ka ga wani abu ya ƙi shiga, ba ƙarfi ya rage ba, juya shi aka yi. In hannunka na rawa, ka kai wa mai gyara ka tsaya kana kallo. Ladansa bai kai kuɗin uwar allo ba.

Mutane sukan ƙarar da kuɗi a kan akwati su manta da abin da tsoho zai gani ya taɓa. Shi kuwa Baba bai damu da abin da ke cikin akwati ba. Gilashin kallo shi ne nasa. Ka nemi mai faɗi, wanda masu shago ke kira lamba 22, wato kamar santimita 55 daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka ƙara girman rubutu har ya karanta bai matso ba. Ka sayi ƴar kyamara mai ɗaukar murya, da lasifika, don yawancin kwamfutocin tebur ba su zuwa da su, kuma in babu su ba zai gana da jikoki ba. Allon haruffa ma iri 2 ne. Na Faransa layinsa na sama yana farawa da A, Z, E. Na Ingilishi yana farawa da Q, W, E. Ka zaɓi wanda ƴan gidanku suka saba da shi. Ko wanne ka ɗauka, ba za ka ga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a jikinsa ba. Windows yana da tsarin rubutun Hausa a ciki, akwai kuma wani na kyauta mai suna Keyman. Ka sa a ɗora maka ɗaya, ka gwada rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya". Kada Baba ya so rubuta "ƙafa" ya rubuta "kafa".

Maganar kuran ba sai an faɗa maka ba. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, har zuwa Maris na 2024. Ko a kwanakin lafiya ma wuta tana tafiya tana dawowa, wani lokaci da ƙarfi fiye da kima. Don haka ka ware kuɗin akwatin batir tun farko, wanda masu shago ke ce wa ondilar. Ba zai riƙe na'urar yini ba. Ƴan mintoci yake bayarwa, a adana aiki a kashe lafiya. In gidanku da hasken rana kuke aiki, ƙaramar na'urar ofis da gilashinta ba su kai cin tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 ba a irin wannan aiki. Da damina, in hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare waya daga bango.

Ƙura da zafi su ne sauran abokan gaba. Kada ka ajiye akwatin a ƙasa. Ka ɗora shi a tebur, nesa da taga, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango don iska ta ratsa. In an kashe, a rufe shi da zane. In ana aiki, a yaye zanen. Da bazara a yi aiki da safe ko da dare. Bayan hunturu ka zare waya, ka buɗe gefen akwatin, ka hure ƙurar fanka da famfon keke.

Da ka kai ta gida, kada ka koya wa tsoho komi da komi rana ɗaya. Yau kunnawa da kashewa. Gobe kiran jikoki. Jibi wasiƙa. Ka bar shi ya riƙe ɓeran da hannunsa, wato ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, ko da yana jinkiri. In ka karɓe ka yi masa, bai koya ba, kuma zai ji kunyar sake tambayarka. Ka sami ɗan littafi ka rubuta masa matakai da manyan haruffa, da boko ko da ajami, wanda ya fi iyawa. Ka bar alamomi 3 ko 4 kawai a fuskar gilashi, sauran ka kawar. Ka gaya masa da babbar murya: duk wanda ya aiko saƙo yana cewa ya ci kyauta, ko yana neman lambar sirri, ko lambar da aka turo masa a salula, kada ya ba shi, ya kira ka tukuna. Lissafin ƙungiya da na adashi kuwa, kuɗin mutane ne. Kowane ƙarshen wata ka kwafe shi a ɗan makullin ajiya da ake ce wa kile, ka ajiye shi a wani ɗaki dabam, kuma kada a yar da littafin takarda.