Kumburin mai biki ba kullum sanyi ba ne

Ga jawabin da ungozomar likita ta yi ma ƴan kwas ta yaƙi da jahilci, maza da mata.

 

Mutane da yawa suna tsammani ciwon zuciya na tsohi ne da masu ƙiba na birni. To, akwai wani ciwon zuciya da ke kama ƙuruciya, mace mai shekara 18 ko 25, cikin ƙauye. Shina zuwa cikin watan ƙarshe na ciki, ko cikin wata 5 bayan haihuwa.

Zuciya tsoka ce. Aikinta tura jini cikin jiki, wajen litir 5 kowane minti, dare da rana. In mace ta ɗauki ciki, jininta shina ƙaruwa kusan rabi. Ke nan zuciyarta ta yi wata 9 tana ɗauke da kaya. Ga wasu mata, tsokar sai ta saki, ta kasa tura jini. Ruwa sai shi taru ga ƙafafu, ga ciki, har cikin huhu.

Ku lura da kyau. Mai biki tana haki ko daga ɗaki zuwa randa. In ta kwanta, numfashi shi gagare ta, sai ta kwana zaune. Tana tari da dare. Ƙafafu sun kumbura, in ka danna da yatsa gurbin shi tsaya.

Nan ne muke kuskure. Tsohuwa ta duba ƙafa ta ce: sanyi ne ya shige ta. Sai a ƙara ma ruwan wanka wuta, a ƙara ma kunu kanwa. Iyayena mata, na san ƙauna ce ta sa. Ni ma da na haihu, uwata ta dama mini kunun kanwa kwana 40. Amma abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, shi ne ke cikin kanwa. Zahin wanka da na gadon wuta kuma shina sa zuciya gudu. Jakin da ya durƙushe, ba a ƙara mishi buhu.

Likitocin Zariya, cikin Najeriya, sun bi wannan ciwo tun wajen 1970. Sun iske shina kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu can. A Yamai, cikin 1992, an auna jinin matan da ya kama, aka iske sun rasa wani sinadari na abinci mai suna seleniyom. Ashe ba kanwa kaɗai ba ce. Rama da rishin abinci mai kyau da hawan jini lokacin ciki, duk suna buɗe mishi ƙofa. Shi ya sa muke ta roƙon ku awon ciki. Can ne ake gane hawan jini, tunda shi ba ya ciwo.

Mai biki ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, wanda hannu ke iya daurewa. A dama mata kunu ba kanwa. A rage gishiri da Maggi cikin miya: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya ishe babba yini guda. A ba ta wake, gujiya, nono, ƙwai, kihi ko nama in an samu.

Yanzu ku maza. Mai biki ba ta hita sai da izininku. In kun ga matarku ta kwana zaune tana haki, kada ku jira arba'in, kada ku jira ranar kasuwa. Ku ɗaura amalanke ku kawo ta likita ranar nan. Akwai magani mai hidda ruwan ta hitsari, akwai mai taimakon zuciya. Mata da yawa suna samun sauƙi cikin wata 6 in sun sha shi ba fashi. Wadda ta taɓa yin wannan ciwo, kada ta sake ɗaukar ciki sai lokotoro ya duba zuciyarta, dan shina iya dawowa da ƙarhi.

To, wanda ke da tambaya shi yi, ina saurare.