Baƙin Kwano da Littafi: Jawabi ga Makiyaya a Zangon Kumasi



Nonon da matanmu ke kaiwa Aboabo da Asawase amana ce a wuyanmu. Kowace safiya, a tatso ɗigon farko a baƙin kwano. In an ga gudaji ko jini, hantsa ta kamu: a ware saniyar, a kira likitan dabbobi. Wadda ta yi ɓari kuwa, a yi zargin bakkale. Yana kama mutum ta ɗanyar madara, don haka a tafasa ta.

Sannan kowa ya ajiye littafi, ko da na ajami ne: sunan saniya, ranar barbara, ranar haihuwa, allurar da aka yi mata. Ranar ciniki a kara, littafin nan shi ne shaidarka.

Allah Ya albarkaci garkenmu.