Gyaɗar Gamawa, Farashin Ingila



Idan an ambaci mulkin mallaka, kada ku hangi nesa, ku dubi gonakinku. Turawan Ingila sun ci ƙasar Katagum a 1903, suka tsananta haraji, kuma da kuɗinsu ake biya. To, ina talaka zai samo kuɗin Bature? Tilas ya rage gero ya shuka gyaɗa. Aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, ta kai Nguru a 1930, domin kwasar amfanin gona zuwa bakin teku. Kamfanoni irin su UAC da John Holt ke saye, farashi kuwa daga kasuwannin Turai yake zuwa. Manomi ya yi noma, ya yi cira, amma ba shi da ta cewa a gaban sikeli.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ta riƙa riƙe wani kaso na kuɗin manomi. Dalar gyaɗa ta tashi a Kano, guminku ne aka jera buhu-buhu.

Bayan 'yancin kai ma igiyar ba ta tsinke ba. A 1986, bisa shawarar Bankin Duniya da IMF, aka karya darajar naira, takin zamani da ake shigowa da shi ya yi tsada.